Doubles, Roti da Patty: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abincin Bakin Titi na Karebiyan

Ɗalibai da likitoci da ma'aikatan jinya masu shirin tafiya tsibiran Karebiyan, da waɗanda ke zaune kusa da shagunan mutanen yankin a Landan ko Toronto ko New York, kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi game da abin da za su ci da safe da rana. Ga amsoshinsu. Mun fi mai da hankali kan Tirinidad da Jamaika, don a nan ne sana'ar ta fi ƙarfi.

Idan an ce abincin bakin titi na Karebiyan, wanne ake nufi?

Ba guda ɗaya ba ne, domin yankin ƙasashe ne da yawa, wasu na magana da Turanci, wasu Faransanci, wasu Sifaniyanci. A Tirinidad da Tobago sarkin safiya shi ne doubles, na rana kuma roti. A Jamaika patty ne ke riƙe da cikin ma'aikaci da ɗan makaranta. A Barbados burodi ne da soyayyen kifi a ciki, suna ce masa cutter. A Haiti akwai fritay, wato tarin soye-soye a tire ɗaya.

Abin da ya haɗa su shi ne duk abincin masu aikin ƙarfi ne: mai arha, mai riƙe ciki, wanda ake ci da hannu ba sai an nemi kujera ba. Kayan haɗin ma na talaka ne, fulawa da wake da kifi mai gishiri da rogo da barkono. Hannun 'yan Afirka da na 'yan Indiya ne ya mai da su abin da yau masu yawon buɗe ido ke bin layi a kai.

Mene ne doubles ɗin nan da kowa ke ambata?

Faifai biyu ne na soyayyen ƙullin fulawa, sirara masu laushi, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Sunansu bara, kuma kurkum ne ke ba su launin rawaya. Mai sayarwa zai jera su a kan takarda, gefen ɗaya a kan ɗaya, ya zuba musu channa da cokali, ya yayyafa miyoyin ɗanɗano, ya miƙa maka ko ya naɗe ya murɗe bakin takardar.

Channa wani irin wake ne mai kama da gurjiya. Alhazai sun san shi a Makka da Madina a cikin balila, Hausawan Sudan kuma suna kiransa kabkabe. Ana dafa shi da tafarnuwa da kori da ƙwayar geera, wani kayan ƙamshi da Turawa ke kira cumin, har ya yi luguf, ruwansa ya yi kauri. A sama ana sa miyar tsamiya mai zaƙi da tsami, da gogaggen kokwamba, da kuchela wato ɗanyen mangwaro da aka goge aka haɗa da kayan yaji, da miyar wani ganye mai ƙamshi sosai da ake kira chadon beni, sai barkono. Babu nama ko kaɗan a na asali.

Daɗinsa yana cikin haɗuwar zafi da tsami da zaƙi da yaji a loma ɗaya, kuma ba ya jira. Minti goma sha biyar a cikin leda ya isa ya sa bara ya jiƙe ya yi yauƙi. Wanda ya ce ya ci doubles bai ji komai ba, sau da yawa wanda aka kawo masa ofis bayan ya huce ya ci.

Yaya aka yi abinci mai sunayen Indiya ya zama na Tirinidad, tsibirin da ke kusa da Benezuwela?

Bayan da Ingila ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a yankunan da take mulka a Karebiyan a 1838, 'yantattun bayi da yawa suka bar gonakin rake. Masu gonakin suka juya Indiya neman 'yan ƙwadago na kwantiragi. Jirgin farko, Fatel Razack, ya iso Tirinidad ranar 30 ga Mayu 1845, kuma har yau ranar hutu ce a ƙasar. Daga lokacin zuwa 1917 an kawo mutum fiye da 140,000, akasarinsu daga yankunan Bihar da Uttar Pradesh na yanzu, Hindu da Musulmi. Sun zo da roti da channa da kori da dabarar sarrafa mangwaro da tsamiya.

Shi doubles kansa a Tirinidad aka haife shi, ba a Indiya ba. Tarihin da aka fi yarda da shi ya danganta shi ga wani Musulmi, Emamool Deen, da matarsa Rasulan, a garin Princes Town da ke kudu. A 1936 suka fara sayar da channa a cikin takarda, daga baya suka ƙara bara guda ɗaya a ƙasansa. Masu saye suka riƙa cewa a ninka musu bara, daga nan sunan ya bi shi. 'Yan'uwan matar, dangin Ali, suka shiga sana'ar, har aka raba kasuwa: su Deen suka koma San Juan a arewa, su Ali suka riƙe San Fernando da kudu. A wancan zamani abincin talakan ƙauye ne da 'yan birni ke rainawa. Yau alƙali da leburan gini kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa gaban akwatin mai doubles, kuma babu wanda ake ba wa kujera.

Yaya ake saye, yaya ake ci ba tare da an ɓata riga ba?

Ka faɗi guda nawa, ka faɗi yawan barkono, ka faɗi ko a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. Ka shirya amsarka kafin layi ya zo kanka, domin mai sayarwa na haɗa guda cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma na bayanka suna sauri zuwa aiki. Wanda zai ci a wurin yakan ci ɗaya, ya nemi na biyu, sai ya ƙoshi ya faɗi abin da ya ci ya biya. Kuɗin guda ɗaya yakan kama kusan dala ɗaya ta Amurka ko ƙasa da haka, kuma biyu suna isar yawancin mutane.

Ba a cin sa da cokali. Ka tallabi takardar a hannun hagu, ka yagi bara na sama da dama, ka kwashi channa da shi, sannan ka naɗe na ƙasan da abin da ya rage. Ka ɗan sunkuya gaba, ƙafafu a ware, don romon ya ɗiga a ƙasa. Galibi akwai jarkar ruwa a gefe ta wanke hannu.

Mu da muka saba da yaji, barkononsu zai ba mu tsoro?

Zai iya. Na yau da kullum attarugu ne irin wanda ka sani, amma a can markaɗa shi ake yi ɗanye da lemon tsami ko ruwan khal, ba a soya shi cikin mai ya lafa ba. Wasu kuma suna haɗawa da Moruga scorpion, barkonon kudancin Tirinidad wanda masu bincike a Jami'ar Jihar New Mexico suka auna a 2012 suka ce ya fi kowane zafi a lokacin, ninkin attarugu sau da yawa.

Kalmar da za ka riƙe ita ce "slight", wato kaɗan. Ko 'yan ƙasar da ita suke saye. Ka fara da haka a wurin kowane sabon mai sayarwa, tunda kaɗan ɗin wani ya fi mai yawan wani zafi.

Ƙarfe nawa ake samu, kuma a ina?

Tun kafin gari ya waye masu doubles ke kafa akwatinsu, sanannu kuma sukan sayar da komai kafin hantsi ya dubi ludayi. Wasu na fitowa da yamma har tsakar dare. Mahaɗar Curepe, kusa da Jami'ar West Indies ta St. Augustine, ta yi suna, haka garin Debe a kudu inda rumfuna ke jere a bakin hanya. Har a harabar filin jirgin sama na Piarco akwai su, kuma ɗan Tirinidad da ya daɗe a waje can yake fara tsayawa kafin ya isa gida.

Bayan doubles, da me ake karya kumallo a Tirinidad?

A akwati ɗaya da doubles za ka ga aloo pie, dogon soyayyen ƙulli mai dakakken dankalin turawa a ciki, wanda ake tsagawa a zuba channa. Akwai saheena, ganyen gwaza da aka naɗe da ƙullin wake aka soya, da pholourie, ƙananan dunƙule masu laushi da ake tsomawa a miyar tsamiya ko ta mangwaro.

Mai son abin da ba a soya ba sai ya nemi sada roti, gurasa mai kauri da ake gasawa a faifan ƙarfe, a ci da choka, wato gasasshen tumatir ko baƙin yalo da aka daka da tafarnuwa da albasa. A ganina wannan ya fi dacewa da wanda zai daɗe a ƙasar yana ci kullum. Daga ɓangaren girkin 'yan asalin Afirka kuma akwai bake, burodi soyayye ko gasasshe da kwakwa, da ake ci da buljol: kifi mai gishiri da aka jiƙa aka yayyaga aka haɗa da tumatir da albasa da barkono da mai.

Tsibirai ne da teku ya kewaye, me ya sa suke cin busasshen kifi mai gishiri daga waje?

Gadon zamanin bauta ne. Masu gonakin rake ba sa son bayi su ɓata lokaci wajen kamun kifi ko kiwo, sai suka riƙa sayo kifi mai gishiri daga Newfoundland da Nova Scotia a Kanada ta yanzu, suna biya da sukari da barasar rake. Mafi ƙasƙancin daraja ake turowa, wanda kasuwar Turai ta ƙi. Iyayen da aka ba wa wannan kifi su ne suka gano yadda za a jiƙa shi, a tafasa a zubar da ruwan gishirin, a raya shi da albasa da barkono. Yanzu ya zama abin marmari mai tsada, kuma yana cikin abincin ƙasa na Jamaika, inda ake haɗa shi da ackee, ɗan itacen da za mu yi bayaninsa a gaba.

Na ji suna da accra. Ƙosai ne?

Danginsa ne na jini. Sunan daga akara na Yarabawa ya fito, ya tsallaka teku tare da mutanen da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Sai dai a can girkin ya sauya da abin da aka samu. A Tirinidad da Martinik da Gwadalup ƙullin fulawa ne da kifi mai gishiri da ganyen albasa da barkono. A Haiti gogaggen malanga ne, dangin gwaza, kuma ya fi ƙarau-ƙarau. A Barbados irin wannan soyayyen kifi ake sa guda biyu cikin burodi a tafi aiki.

Ba shi kaɗai za ka gane ba. Coo-coo tuwon masara ne da aka tuƙa da kuɓewa a ciki. Callaloo na Jamaika alayyahu ne, na Tirinidad kuma miyar ganyen gwaza ce da kuɓewa da madarar kwakwa. A titunan Kingston, babban birnin Jamaika, ana tura amalanken kunu da asuba, kuma cikin waɗanda aka fi saye akwai na gyaɗa.

Me ake ci da rana?

A Tirinidad da Guyana roti ne. Wanda aka fi naɗewa a tafi da shi sunansa dhalpuri: faffaɗar gurasa siririya da aka cusa wa niƙaƙƙen wake mai kayan ƙamshi tsakanin fatunta kafin a gasa. Ana zuba kori na kaza ko akuya ko agwagwa ko jatan lande, da dankalin turawa da channa da kabewa, a naɗe kamar ƙunshi. Ɗaya ya ishi ƙato. Ka tambaya ko kazar mai ƙashi ce, domin na gargajiya da ƙashinsa ake naɗewa, baƙo kuma yakan gano haka da haƙorinsa.

Ɗaya nau'in shi ne buss-up-shut, gurasa mai mai da ake bugawa da katako a kan wuta har ta yayyage. Ba a naɗe shi, a kwali ake ba ka da miyar a gefe. Akwai kuma pelau, dafa-dukan shinkafa da wake da kaza da ake fara soyawa cikin ƙonannen sukari, abin da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa da ɗan ɗaci mai daɗi.

Bake and shark fa? Da gaske kifin shak ake ci?

Da gaske ne. A bakin tekun Maracas, arewa da Port of Spain, babban birnin Tirinidad, bayan an ƙetare duwatsu, ana soya yankan kifin a sa cikin soyayyen bake, kai kuma ka je teburin kayan haɗi ka zuba abarba da kabeji da miyar tafarnuwa da tsamiya da chadon beni yadda kake so. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce yawan kamu ya rage irin wannan kifi ƙwarai a tekunan duniya, kuma ba ya saurin hayayyafa. Rumfuna da yawa na da wani kifin a madadinsa, kuma bayan an zuba miyoyin bambancin kaɗan ne. Ni dai madadin nake ba da shawara.

A Jamaika fa, mene ne patty?

Ƙulli ne mai ɓarewa fata-fata, launin rawaya, siffar rabin wata, cike da niƙaƙƙen naman shanu mai attarugu, a gasa a tanda. Akwai na kaza da na kayan lambu da na jatan lande. Siffarsa daga Turawan Ingila ta zo, kori daga 'yan Indiya, barkono daga girkin 'yan Afirka. Manyan kamfanoni biyu da suka mamaye kasuwar, Tastee da aka kafa a Kingston a 1966 da Juici, duka 'yan Jamaika masu asalin Sin ne suka kafa su. Mai jin yunwa sosai yakan sa patty cikin coco bread, wani burodi mai laushi da aka ninke biyu. Ka bar shi ya ɗan sha iska, cikinsa na ƙona baki.

An ce ackee na kisa. Gaskiya ne?

Wanda bai nuna ba yana kisa, wannan ba wasa ba ne. Itacen daga Afirka ta Yamma aka kai shi Jamaika a ƙarni na 18, kuma shi ne wanda Hausawa ke kira gwanja kusa. Ɗanyensa na ɗauke da guba mai suna hypoglycin da ke faɗar da sukarin jini, ta kawo amai da suma, yara kuma ta fi yi wa illa. Ƙa'idar da kowace uwa a Jamaika ta sani ita ce ba a tsinka sai ya buɗe da kansa a kan itace. Ana cire baƙar ƙwayar da jan zaren ciki, a tafasa naman mai ruwan ƙwai, a zubar da ruwan.

Wanda aka bi wannan ƙa'ida a kansa lafiya lau ne, kuma miliyoyi na cin sa. Ana soya shi da kifi mai gishiri da albasa da tumatir, a ci da dafaffiyar ɗanyar ayaba da doya ko soyayyen ƙulli. Ka ci a wurin masu dafawa, kada ka tsinka da kanka don ka gan shi a bayan gida.

Ni Musulmi ne. Me zan ci hankali kwance, me zan kiyaye?

Tirinidad ta fi sauƙi. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100, ƙaramar salla ranar hutu ce ta ƙasa, kuma za ka ga alamar halal a shagunan roti da na kaza da yawa. Doubles da aloo pie da saheena da pholourie da choka babu nama a cikinsu. Guyana ma tana da sauƙi ta wannan fuskar.

Inda ake faɗawa shi ne miya da romo. Ana yawan jefa wutsiyar alade mai gishiri cikin romon masara da ake sayarwa da dare, da callaloo, da pelau, da waken Jamaika, don ɗanɗano kawai, kuma mai sayarwa ba zai ambata ba sai ka tambaya da sunan abin. Souse sau da yawa ƙafar alade ce. Black pudding da jini ake yin sa. Griyo na Haiti alade ne, haka yawancin salami da ake haɗawa da mangú, dakakkiyar agada ta karin kumallo a Jamhuriyar Dominika. A wurin masu gashin jerk a Jamaika, wato gasasshen nama mai yaji, kaza da alade na iya haɗuwa a waya ɗaya, ga kuma batun yanka, wanda ya shafi patty na nama ma. A Jamaika mafita mai kyau ita ce kifi, ko rumfunan ital na 'yan Rasta, waɗanda ba sa girki da nama.

Me ake sha a kai?

Ruwan ɗanyar kwakwa da ake sara maka da adda nan take, musamman a kewayen filin Queen's Park Savannah a Port of Spain. Sorrel zoɓo ne da citta da kanumfari, an fi yin sa lokacin Kirsimeti, kuma a lokacin ne ya kamata ka tambaya ko an zuba barasa. Mauby daga ɓawon itace ake dafa shi, zaƙi ne a farko, ɗaci a ƙarshe, kuma ba kowa ke son sa a kurɓar farko ba.

Ta fuskar lafiya da tsabta fa?

A Tirinidad doka ta ce mai sayar da abinci ya mallaki katin hukumar lafiya, da yawa kuma suna rataye shi a wuya. Jamaika ma na da irin wannan izini. Ka zaɓi inda layi ke tafiya, inda mai karɓar kuɗi daban yake da mai zuba abinci, inda channa ke tururi. Mai ciwon sukari ya tuna fulawa ce soyayya da miya mai sukari, mai hawan jini kuma ya yi hattara da kifi mai gishiri. Ga waɗannan, sada roti da choka da muka ambata a amsar karin kumallo ya fi.

Zan iya yin doubles a gida?

Ƙwarai kuwa, uwargida. Ki jiƙa channa ya kwana, ana samunsa a manyan kantuna da shagunan 'yan Indiya da Labanon. Ki dafa da 'yar kanwa har ya yi laushin da zai murƙushe tsakanin yatsu, sannan ki soya tafarnuwa da albasa da kori ki juye shi ciki, ki bar shi a wuta kaɗan har romon ya kama jikinsa. Idan babu chadon beni, ganyen koriyanda mai yawa zai tsaya a madadinsa.

Na bara kuma, kofi biyu na fulawa, ƙaramin cokali na yis, rabin cokali na kurkum, gishiri da ɗan sukari, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi laushi har yana ɗan kama hannu. Ki rufe ya tashi na awa ɗaya ko fiye. Ki shafa mai a hannu da faranti, ki ɗebi kamar girman ƙwai ko ƙasa da haka, ki baje da yatsu har ya kusa nuna farantin. Man ya yi zafi sosai, kowane gefe daƙiƙoƙi kaɗan ya isa, kada ki bari ya yi ja. Kina kwashewa ki jera su kan juna cikin kula da tsumma mai tsabta ki rufe, tururinsu ne ke ba su laushin da ake nema. Miyar tsamiya kuwa ki dafa tsamiya da sukari da tafarnuwa da ɗan attarugu har ta yi kauri, ki bar ta ta huce kafin ki zuba.